Takardar gadon Sikotland ta gagare ni karantawa

Ɗalibar Tarihi: Salamu alaikum 'yan zaure. Wa ya taɓa fama da tsohon rubutun hannu na Sikotland? Na sauko da hoton wata takardar gado daga ScotlandsPeople, shafin intanet na tsofaffin takardun Sikotland, yau kwana uku ina zura mata ido, tafiyar tsutsa ce zalla. Ko shekarar ban gane ba, an rubuta "jaj vjc lxxij".

Na Gilasgo: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. 1672 ke nan. "Jaj" ɗin dubu ce da hannun magatakarda ya lalata, "vjc" ɗari shida, "lxxij" saba'in da biyu. Salon kuwa sunansa secretary hand, rubutun magatakarda. Harafin e a cikinsa juyawa yake yi baya, c kamar r, dogon s kuma sai ki rantse f ne.

Mai Ajami: Ni da warash na fara, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, don haka abin bai ba ni tsoro ba. Shawarata, ki samu littafin rubutu ki zana a, b, c ɗin wannan magatakardan shi kaɗai, daga kalmomin da kika tabbatar. Kowa da hannunsa. Kuma ki karanta da babbar murya, kunne kan kama abin da ya kuɓuce wa ido.

Ɗalibar Tarihi: Yaya, akwai "umquhile" da "relict" tun a layin farko.

Na Gilasgo: Marigayi, da matar da ya bari. Duk inda kika ga quh, wh ake nufi: quhilk (which), quha (who). Ki buɗe Dictionaries of the Scots Language a intanet, kyauta ne, ɓangaren tsohon harshen ya kai har 1700. Rabin wahalarki harshe ne, ba Ingilishi kike karantawa ba, harshen Scots ne.

Tsohon Malami: 'Yata, ki kula da kuɗin. Fam ɗin Sikotland goma sha biyu ne ke yin fam ɗaya na Ingila a lokacin. Na taɓa mayar da wani talakan manomi attajiri a rubutuna saboda wannan, sai da mai duba aikina ya ja min kunne. Sannan abin da ya yi kama da z sau tari tsohon harafi ne, yogh, shi ya sa ake furta sunan nan Menzies "Mingis".

Ɗalibar Tarihi: Allah ya saka, Malam. Na koma kanta yanzu. Layi na huɗu ashe shanu biyu ne da tukunyar tagulla, ni da nake zaton sunan gari ne.

Mai Ajami: Turo mana layi na biyar mu gwada idonmu.