Ta yaya wutar lantarki ke bugun ƙarfe a gwajin matse gwangwani?

Ɗalibi_Jos: Assalamu alaikum malamai. Ina karatun Fiziks a Jami'ar Jos, kuma na ci karo da gwajin da ake sako wuta mai yawa lokaci guda domin a ga halin ƙarfe idan ya sha bugu. Shin wutar ce ke dukan ƙarfen kai tsaye? Me ya sa bindigar iskar gas, wadda ke harba abu ya daki ƙarfen, ba ta wadatar ba?

Dokta_Gwarimpa: Wa alaikumus salam ɗana. Wutar ba ta taɓa ƙarfen gwajin. Ana cika tarin kafasita, wato na'urorin da ke tara wutar lantarki, a sauke wutar ta bi jikin wani siririn gwangwanin alminiyam. Maganaɗisun da wutar ta haifar, wanda ya kewaye shi, shi ne ke matse shi ciki, har ya daki ƙarfen da aka ajiye a tsakiya. Lissafa da kanka: amfiya miliyan 10 a kan gwangwani mai santimita 2 daga tsakiya zuwa baki na ba da ƙarfin maganaɗisu na tesla 100, wato matsi na kusan gigafaskal 4. Gwangwanin na tsukewa, matsin na ƙaruwa.

Bindigar gas mai hawa biyu takan tsaya a wajen kilomita 8 cikin daƙiƙa. Amma na'urar Z ta cibiyar bincike ta Sandia a Amurka, mai turawa da maganaɗisu, wadda ke kai amfiya miliyan 26 tun bayan gyaran 2007, ta harba farantin alminiyam da gudun da ya haura kilomita 30 cikin daƙiƙa.

Injiniya_Rayfil: Dokta ya gama da lissafi, bari in taɓa inda aiki ke lalacewa. Ko ɗan zanen da injin sassaƙa ya bari a bayan gwangwanin yakan girma yayin matsewa, ya zama tudu da kwari, bugun ya isa wani gefe kafin wani. Shi ya sa ake goge shi sumul. Kauri ma da sharaɗinsa. In ya yi siriri, zafin wutar zai ratsa ya narkar da fuskar ciki kafin ta kai ga ƙarfen, kuma da zarar ba ka san nauyin abin da ya yi dukan ba, lissafin matsi ya rushe. In ya yi kauri, gudu ya ragu.

Ɗalibi_Jos: Na gode ranka ya daɗe. To da me ake aunawa, tunda komai na tarwatsewa?

Malama_Wuse: Da hasken leza, ƙanena. Na'urar PDV, mai auna gudu da haske, na aika haske mai tsawon nanomita 1550 ta zaren gilashi, ya dawo daga bayan ƙarfen. Gudun kilomita 1 cikin daƙiƙa na sauya mitar hasken da ya dawo da kusan gigahaz 1.29, kuma daga wannan sauyin ake gane gudun. Idan baƙin ƙarfe ne, za ka ga bugun ya rabu biyu bayan gigafaskal 13, inda tsarin ƙwayoyinsa ke sauyawa. In kuma gudun ya faɗi ya sake tashi, to ƙarfen ya tsage daga ciki, kuma daga zurfin faɗuwar ake lissafa ƙarfin jurewarsa.