Kotun duniya ta kowa ce, ko ta marasa gata? Musun da ya ɓata mana majalisa

MaiGyaranWaya_PZ ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa.

Gyaran waya nake yi a Sabon Garin Zariya, wajen PZ. Tun safe ina kan benci, canza sikirin, canza bakin caji, busar da wayar da ta faɗa ruwa. In na rufe shago na yi magariba, sai in hau keke napep zuwa Samaru, gidan gem ɗin wani abokinmu. PS4 biyu ne da PS5 ɗaya, sai ƙaramin janareta da muke haɗa masa kuɗin mai in an ɗauke wuta. Ƙa'idar wurin tsohuwa ce: wanda aka ci shi zai biya, wanda ya ci ya zauna da hannu, wato rimot ɗin buga gem. Yawancinmu tun sakandare muke tare. Akwai mai POS, akwai tela, akwai ɗalibin ABU. 'Yan Call of Duty kuwa suna can kan tabarma kusa da mai shayi, kowa ya duƙufa a wayarsa yana kukan data.

Musunmu bai saba wuce Madrid da Barca ba. Amma da labari ya zo a Satumbar 2025 cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce za su fice daga ICC, kotun duniya mai hukunta manyan laifuka, sai maganar ta zama abin taɗinmu. Mai POS ya ce sun yi daidai, Najeriya ma ta bi sahu. Na ce a'a, gara kotu mai rauni da babu. Ya ce in faɗa masa Bature ɗaya da kotun ta taɓa ɗaurewa. Kafin in ba shi amsa ya ƙara da cewa, “Mu 'yan Zariya za a ba labarin kotun duniya? A garin nan aka yi abin Disambar 2015, da sojoji suka kashe 'yan Shi'a. Wa aka hukunta?”

Tela ne ke riƙe da hannu a lokacin, yana gaba da ci biyu. Yayansa ya fita a ranakun abin 2015 ɗin bai dawo ba har yau, ba gawa ba kabari. Dukanmu mun sani. Ya ajiye hannun a kan benci, ya sa takalminsa, ya tafi ya bar 'yan wasansa tsaye a fili. Tun daga ranar bai sake zuwa ba, in na kira sai ya ce ɗinki ya yi masa yawa.

To masu ilimin abin, don Allah kotun nan tana da wani amfani ga irinmu? Kuma yaya zan yi da abokina?

YarKongo ta amsa:

Wa alaikumus salam Yaya. Shari'a nake karanta a Kongo, reshen ABU da ke Zariya, bari in faɗi abin da na sani.

Akwai kotuna biyu a birnin Hague na ƙasar Holan da a majalisu ake yawan cakuɗa su. ICJ tana raba gardama ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Ita ta ba Kamaru Bakassi a 2002, kuma gabanta Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disambar 2023. Wadda kuke musu a kanta, ICC, mutane take tuhuma ɗaiɗai kan kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama. An ƙulla yarjejeniyar kafa ta a Rum a 1998, ta fara aiki a Yulin 2002, Najeriya kuma ta shiga tun 2001.

Abokinka yana da hujja a wuri guda. Waɗanda kotun ta samu da laifi, tun daga Thomas Lubanga na Kwango a 2012 har zuwa Ali Kushayb na Darfur a 2025, 'yan Afirka ne. Amma abin da bai faɗa ba shi ne, da yawa daga shari'o'in gwamnatocin Afirka ne da kansu suka kai: Uganda, Kwango, Afirka ta Tsakiya. Ita kanta Malin da ta ce za ta fita, ita ta gayyato kotun a 2012, daga nan ne aka ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu. Sannan a Maris ɗin 2025 an kama Rodrigo Duterte, tsohon shugaban Filifin, an kai shi Hague.

Game da mu nan gida, kotun ba ta shiga sai ƙasa ta kasa ko ta ƙi yin shari'ar da kanta. A kan abin 2015, gwamnatin Kaduna ta kafa kwamitin bincike na shari'a, an shaida masa cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya, kwamitin kuma ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta ICC, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, ta kammala binciken share fage kan Najeriya da aka fara tun 2010, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da wasu jami'an tsaro sun aikata laifukan da suka shafi kotun. Shekaru sun shuɗe, ba a kai kowa Hague ba. Wannan jinkirin yana min ciwo ni ma, don a Gyallesu, ɗaya daga unguwannin da abin ya faru, kakata take.

Sniper_Kwangila ya amsa:

Ni dai ina bayan mai POS. Malama ta kawo bayani mai kyau, amma duk a takarda ne.

An ba da sammacin kama Putin a Maris ɗin 2023. Ya je Mongoliya a 2024, ƙasar da ke cikin kotun, aka shimfiɗa masa jan kafet ya koma gida. An ba da na Netanyahu a Nuwambar 2024 saboda Gaza, ya je Hungary a Afrilun 2025, babu wanda ya taɓa shi. Ba sai mun yi nisa ba ma, al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, ya zo Abuja a 2013 da sammaci a kansa, ya tafi abinsa. Amurka ba ta ciki, Rasha ba ta ciki, Sin ba ta ciki. Da Bensouda ta nufi binciken abin da aka yi a Afganistan, takunkumi Amurka ta ƙaƙaba mata a 2020. Ina ƙarfin kotun da ake hukunta ma'aikatanta?

Ka san abin da ya sa nake son gem? In ka yi keta daga baya a FIFA, jan kati za ka sha, ko Madrid ka ɗauka ko ƙaramar ƙungiya. Alkalin ba ya duba rigar. Ranar da kotun Hague ta kai nan, zan sara mata.

Af, wane gidan gem ne a Samarun? In wanda ke kusa da kasuwa ne, hannunsa ɗaya yana ja hagu, ku gaya masa ya gyara.

Malam_TudunWada ya amsa:

Ɗana mai tambaya, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abokinka. Ni tsohon malamin tarihi ne, na yi ritaya. Gem ɗin nan naku ban san kansa ba, dara muka buga a zamaninmu, amma ɗaya maganar na daɗe ina bibiyarta a rediyo.

Duk abin da yaron Kwangila ya lissafa gaskiya ne, ba na musa ko ɗaya. Sai dai ku nemi labarin Hissène Habré na Cadi. Ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, aka kashe mutane da yawa a gidajen yarinsa, da aka ture shi ya gudu Sanagal ya zauna cikin daula. A lokacin kowa cewa yake an fi ƙarfinku, sai dai Allah ya isa. Wani ma'aikaci da ya fito daga kurkukun da rai, Souleymane Guengueng, ya riƙa bin waɗanda suka tsira da iyalan waɗanda suka mutu gida gida, yana rubuta suna, ranar kamu da wurin da aka tsare mutum, yana ɓoye takardun. A 2001 kuma aka tarar da takardun 'yan sandan ciki na Habré yashe a ofishinsu a Njamena. Da waɗannan aka yi ta fafutuka har wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka da Sanagal suka kafa ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016, shekara 26 bayan gudunsa. Mata da aka ci zarafinsu sun tsaya gabansa sun ba da shaida yana ji. Alkalan 'yan Afirka ne, ba a Hague aka yi ba.

Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, shi ma a Kalaba ya yi gudun hijira, a iyakar Gamboru aka kama shi a 2006, yana zaman shekara 50 yanzu.

Don haka ni ba na goyon bayan a fita. Gwamnatin da ta fice ba talakanta ta kare ba, kanta ta kare.

Batun abokinka kuwa, kuskuren da aka yi shi ne an mai da ɗan uwansa hujjar cin musu, alhali yana zaune a wurin. Kada ka ƙara kiran waya. Ka ɗauki mai POS ku je shagon ɗinkinsa da rana, ku zauna ko da ba a ce komai ba, shi mai POS ya ba shi haƙuri da bakinsa. Ku je ku gaida mahaifiyarsu. Kada ku ambaci komawa gidan gem, zai dawo in ransa ya yi sanyi. Can gaba in ka ga fuska, ka tambaye shi ko iyalin sun rubuta abin da suka sani: cikakken sunan yayan, hotonsa, ranar da ya fita, wanda ya gan shi na ƙarshe. Shaidu suna tsufa, wasu suna rasuwa.

MaiGyaranWaya_PZ ya sake rubutawa:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa mai POS saƙonku, ya yi shiru, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci za mu je. Ƙanwata 'yar Kongo, in iyalin sun rubuta, akwai inda talaka zai kai irin wannan takarda?

YarKongo ta amsa:

Akwai, Yaya. Sashe na 15 na yarjejeniyar Rum ya ba kowa damar aika bayani ga ofishin mai gabatar da ƙara na ICC, ba sai gwamnati ba, sai dai aikawar ba ta tilasta masa buɗe shari'a. Kusa da mu kuma akwai kotun ECOWAS a Abuja, wadda ke karɓar ƙarar mutum kai tsaye a kan gwamnati in batun take haƙƙin ɗan Adam ne. A 2008 ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda ta kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Amma kafin komai su zauna da lauya mai aikin kare haƙƙi, saboda akwai ƙa'idojin lokaci da na hujja da shi zai duba musu. Kuma su yi kwafi, asalin takardun da hoton su ajiye a gida.