Ƙanena yana son yawon babur a ƙauyukan Faransa, in bar shi?

Manomin Auyo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zama a Faransa. Ni manomi ne a wajen Auyo, alkama da shinkafa nake yi a fadamar Haɗejiya. Autanmu yana karatun aikin gona a birnin Dijon. Ya kira ni yana neman izini, wai wani abokin karatunsa mai babur zai goya shi idan an yi hutu a watan Yuli, su bar manyan tituna su bi ƙananan hanyoyin ƙauye, suna kallon gonaki da duwatsu.

Tun da Baba ya rasu ni ake tambaya a gidanmu. Inna ko bari ya kai aya ba ta yi ba ta ce a'a, domin ta san 'ya'yan mutane da babur ya kassara a hanyar Haɗejiya zuwa Kano. Ni kuma na kasa yanke magana, saboda tafiyar ce ban gane ba. Boxer ɗina na aiki ne: taki, buhunan shinkafa, kai mara lafiya asibiti, ɗaurin aure. Ban taɓa zuba mai don kawai in je in kalli gonar wani ba. Amma yaron nan bai taɓa roƙona abin banza ba, kuma na ji yadda muryarsa take. Yaya hanyoyin suke? Akwai hatsari?

Malamin Ɗambatta:

Wa alaikumus salam, Yaya. A wannan yankin na yi karatu, kuma an goya ni a waɗannan hanyoyin, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Hanyoyinsu kashi-kashi ne. Masu harafin A su ne manya, yawancinsu ana biyan kuɗin shiga, ba abin da za ka gani sai motoci. Waɗanda ƙanenka yake nufi su ne masu harafin D a jikin ɗan allo rawaya. Kwalta ce har cikin ƙauyen da bai fi gida ashirin ba, wani wurin da ƙyar mota biyu suke wuce juna. Hannun dama suke tuƙi irin namu.

Daga Dijon idan suka yi kudu zuwa Beaune, tafiyar kilomita 45 ko kusa da haka, gonakin inabi ne a jikin tudu, layi-layi, an kewaye wasu da katangar dutse. Giya ake yi da inabin, wannan ba namu ba ne, amma mai karatun gona zai ƙaru da ganin yadda suka san ƙasarsu gona-gona, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Ni inda ya fi shiga raina yamma ne, wajen Morvan. Tsaunuka ne marasa tsawo sosai, mafi tsayinsu mita 901, daji ya rufe su, hanya tana ta lanƙwasa. Kana cikin inuwa da sanyi, sai ka ɓullo fili ka tarar da fararen shanun nan nasu da ake kira Charolais, jibga-jibga, suna kiwo cikin shinge ba makiyayi. Ka wuce ƙauye mai gidajen dutse, ka ji ƙamshin burodi, ka gangara bakin hanyar ruwa da aka haƙa domin jiragen kaya, itatuwa a jere gefe da gefe. A mota duk wannan ta gilashi za ka gani. A kan babur kuwa ƙamshin ciyawar da aka yanka yana shiga hancinka.

Kuma Yuli lokacin girbin alkamarsu ne. Tun wajen Oktoba suke shuka, ta kwana cikin sanyi, sai Yuli injin ya shiga. Ni a ganina ka bar shi ya je.

Bakaniken Ringim:

Alhaji, ni ba Faransa na sani ba, babur na sani. Kwalta mai kyau ita ce take jan yaro ya matsa wuta. Kafin ka ce komai ka tambayi wane ne abokin, yaushe ya fara tuƙi, kuma ya saba goyo? Goyo a kwana daban yake da tuƙi kai kaɗai. Idan na baya ya tsorata ya miƙe jiki a tsakiyar kwana, shi ne yake kayar da su. A duba taya da birki kafin a tashi. Idan mai babur ɗin ɗan a-gan-ni ne, kada ka yarda ko hanyar ta zinare ce.

Malamin Ɗambatta:

Maganar Oga gaskiya ce, kuma dokarsu tana tare da shi. Hular kwano dole ce ga direba da na baya, safar hannu ma dole ce tun 2016. A 2018 suka rage gudu a irin waɗannan hanyoyin daga kilomita 90 zuwa 80 a awa, ko da yake wasu yankuna sun mayar da 90 daga baya. Da zarar ka ga allon sunan gari mai jan baki, gudu ya koma 50. Sabon mai lasisin babur kuma ba a barinsa ya hau mai ƙarfi sosai sai ya shekara biyu.

Hatsarin da na sani guda uku ne: tsakuwa ko laka da tarakta ta zubar a kwana, barewa da aladen daji da suke tsallakawa da magariba, sai wata doka ta cikin ƙauyuka, inda wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya idan ba alamar da ta ce akasin haka. Lambar neman agaji 112 ce, ya riƙe ta.

Maman Ummi, Gumel:

Ɗan'uwa, kada ka ga laifin Inna, zuciyar uwa ce. Ɗana ma yana can, a Lyon. Abin da na koya shi ne tsoro yana raguwa idan ana jin murya. Ka ce ya kira ta kafin su tashi, ya kira idan sun sauka, kuma ya nemi albarkarta da bakinsa, kada kai ka isar masa.

Sannan ya tafi da guzurinsa. Ɗana ya ce a ƙauyuka naman halal yana wuya, masallaci ma haka, shaguna da yawa kuma suna rufewa da tsakar rana da kuma yammacin Lahadi. Burodi da cuku da dabino sun ishe shi. Ya sa sallaya a jaka. A wannan lokacin rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, ya lura da lokutan sallarsa.

Manomin Auyo:

Allah Ya saka muku da alheri, kun cire mini nauyi. Na karanta wa Inna abin da Hajiya ta rubuta, ta yi shiru, sannan ta ce a ba ta shi a waya ranar Juma'a. Sharuɗɗana na tura masa: zan yi magana da abokin da kaina, ƙanen nawa ya yi mana tafinta, ba tafiyar magariba, hula da safar hannu nasa na kansa, in kuɗi ne zan aika.

Malam, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mu nan Nuwamba muke shuka alkama, mu yi ta ban-ruwa da injin har Maris, man fetur ya cinye rabin riba. Su da take wata tara a gona, ruwan sama kaɗai take sha? Na ce masa idan sun tarar ana girbi su tsaya, ya gaisa da mai gonar, ya ɗauko mini hoton zangarniyar a tafin hannunsa, ya kuma tambayi irin da suke shukawa da takin da suke sa mata.