Yankan nama irin girkin Kiriyol na New Orleans: zai yiwu da rago?

Maman Sadiq, Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar maigida zai kawo abokin aikinsa da matarsa cin abincin dare, mutanen New Orleans ne da ke jihar Louisiana, masu salon girkin da ake kira Kiriyol. A wajensu ana yanko naman alade da ƙashinsa, a soya, a lulluɓe shi da miyar albasa da koren tattasai da tumatir har ya yi laushi, a ci da farar shinkafa. Mu dai alade ba ya shiga gidanmu, to ina so in yi musu irinsa da naman rago. Wane sashe zan ce mahauci ya yanko min? Kuma garin yajin Tony Chachere's da matar ta ce in saya, ya isa shi kaɗai? Ba na so su ci su ji miyar tumatir ɗinmu ce aka sauya wa suna.

Hajiya Binta, Baton Rouge:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Ki ce a yanko miki kafaɗa, kauri kamar yatsa ɗaya da rabi. Kada ki ɗauki yankan gadon baya mai tsada ɗin nan, shi na gashi ne, in ya daɗe a miya sai ya bushe ya yi tauri. Kafaɗa tana da jijiya da kitse, ita ke son doguwar dahuwa. Rago ya fi alade jan lokaci, ki ba shi awa ɗaya ko fiye a ƙaramar wuta, tukunya a rufe.

Abin da zai raba miyarki da tamu ta gida shi ne seleri, wani kayan miya mai dogon kara kore. Su a nan albasa da seleri da koren tattasai ne tushen kusan kowace miya, albasar ta fi yawa. A yayyanka su ƙanana, ba a markaɗawa. Da kin kai su injin markaɗe kin koma Kano. Ki bar attaruhu da kori da daddawa, ki sa tafarnuwa, ganyen bay, tayim da ɗan jan barkono. Tony Chachere's ɗan jihar nan ta Louisiana ne, daga garin Opelousas, amma gishirinsa ya yi yawa, don haka in kin barbaɗa wa naman kada ki ƙara magi sai kin ɗanɗana.

Abban Hauwa:
Ƙari kan maganar Hajiya. Ki tsane naman sosai, ki shafa yaji, ki turbuɗa shi a fulawa, ki soya a kaskon ƙarfe har ya yi ja kowane gefe. Ki kwashe, ki rage kitsen ragon don yana da ƙarni, ki bar kamar cokali 2 na mai. Ki zuba fulawa cokali 2 ki yi ta juyawa har ta koma kalar tunkuza. Nan ɗanɗanon yake, kuma in ta ƙone da baƙin ɗigo-ɗigo sai dai a zubar a sake. Sai kayan miyan su shiga, sannan tumatir da romon kaza.

Ki lura da abu biyu in kina duba girkinsu: sosej ɗinsu da ake kira andouille yawanci na alade ne, kuma wasu na sa giya a miyar. Romo da ɗan lemon tsami sun wadatar.

Ummu Aiman:
Ni dai da zan ba da shawara a rage tumatirin. Na ci wannan girki a garin Lafayette na Louisiana babu tumatir ko ɗaya, miyar ruwan ƙasa ce, kuma ta fi min daɗi da rago.

Hajiya Binta, Baton Rouge:
Ummu Aiman, wannan salon girkin mutanen Cajun ne na yankin karkarar Louisiana. Baƙinta 'yan New Orleans ne, su Kiriyol suna sa tumatir. Amma kin yi gaskiya kada ya rinjaya, gwangwani ɗaya na yankakke ya ishi yankan nama 6.

Maman Sadiq, Houston:
Allah ya saka muku da alheri. Kafaɗa zan saya, kuma zan ajiye kwalbar ruwan barkonon Tabasco a tebur kowa ya ƙara yajinsa, don maigida ba ya cin abinci salam. Hajiya, in na dafa tun ranar Juma'a da dare na ɗumama Asabar, miyar ba za ta yi kauri da yawa ba?