Filas ɗina ya ƙi tayar da Linux Mint, ga shi Litinin ta kusa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka min don Allah. Laftof ɗin HP ne, yayana ya bar min da zai tafi bautar ƙasa. Windows 10 ce a kai, kuma hotunan bikin ƙanwarmu da babi uku na furojet ɗina duk suna ciki. Malaminmu ya ce kowa ya sa Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, a gefen Windows kafin Litinin. Na sauke Linux Mint, kusan giga 3, intanet ta yanke min sau biyu. Na ɗora a filas da Rufus, manhajar da ke shirya filas don a tayar da kwamfuta daga shi. In na danna F9 lokacin kunna laftof ɗin, sunan filas ɗin yana fitowa, ina zaɓa sai allon ya yi baƙi, ya koma Windows. Kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Cikin tsarin shirya filas guda biyu, MBR da GPT, MBR ka zaɓa a Rufus, na tabbata. Sake yi da GPT, ka danna F10 ka shiga saitin laftof ɗin, ka kashe Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da bai amince da ita ba tashi. Kullum nake wannan aikin.

Ɗan Gobir: Injiniya, da girmanka, amma in aka zaɓi MBR, Rufus da kansa yana nuna BIOS ko UEFI, wato tsohuwar hanya da sabuwar hanyar tayar da kwamfuta, filas ɗin yana tashi a duka biyun. Ni fayil ɗin nake zargi, tunda ya yanke. Ɗan'uwa, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa (lambar tantance ko fayil ya lalace) da wadda ke shafin Mint.

'Yar Zariya: Ku duba filas ɗin ma. Na sayi mai giga 64 a kasuwa, ashe bai kai 8 ba. Takarduna duk suka lalace, mai shagon ya rantse ba kayansa ba ne. Har yau abin yana ci min rai.

Mai tambaya: Anti, nawa mai kyau ne, shekara biyu ina amfani da shi. Fayil ɗin kuma ya cika, na ga girmansa. Ba ni da datar sake saukewa. Secure Boot ɗin nan kuwa tsoron taɓa shi nake.

Injiniya: To ai ba ka son gyara ke nan. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Goge ta gaba ɗaya ka huta.

Ɗan Gobir: Kar ka goge komai! Ka fara kwashe furojet ɗinka tukuna.

Mai tambaya: In kwashe a ina? Filas ɗaya gare ni, kuma shi ne Mint ke kai.