Duwatsun da na jera a tsakar gida sun nutse, ina kuskuren yake?

Sabon_Maigida:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin gini ku taimaka min da shawara. Daga bakin ƙofar ɗaki zuwa wajen shanya akwai tazara kamar mita 8, da an yi ruwa wajen ya zama caɓalɓali yara su kwaso taɓo har kan gado. Bara na samo falalen duwatsu na ɗan kankare ciyawa na jera su a ƙasa haka kawai, wlh satin farko gwanin sha'awa. Damina na yin nisa sai wasu suka nutse, wasu kuma in ka taka gefe ɗaya ɗayan gefen ya ɗaga ya watso maka ruwan taɓo a wando, rannan mahaifiyata saura ƙiris ta faɗi shi ne hankalina ya tashi. So nake in kwashe in sake kafin ruwa ya dawo. Siminti zan zuba in manne su ko akwai wata dabara? Ƙasar wajen mai danƙo ce, da rani tsagewa take. Kuma ni da ƙanena ne za mu yi, ba mu da injin komai.

Tsohon_Birkila:
Wa alaikumus salam ɗana. Duwatsunka ba su da laifi, gado ne ba ka yi musu ba. Ƙasar da ka ce tana tsagewa laka ce, ta sha ruwa ta kumbura ta bushe ta tsuke, duk abin da ka ɗora mata kai tsaye haka za ta yi ta wasa da shi, ko simintin ma.

Ka kafa turaku ka ja igiya gefe biyu, sannan ka haƙa. Amma kafin ka ɗaga diga ka tabbatar ba bututun ruwa ko wayar wuta a binne a wajen, na sha ganin wanda ya je gyaran hanya ya ƙare da kiran mai gyaran famfo. Zurfin ramin lissafi ne: tsakuwa santimita 15 tunda laka ce (a ƙasa mai tauri 10 ta isa), yashi santimita 3, sai kaurin dutsen, a ce 5. Ka ga wajen santimita 23 kenan, ka rage ɗaya ko biyu don saman dutsen ya ɗan fi ƙasar gefe tudu kar ruwa ya kwanta masa.

Tsakuwar kuma ba kowace ba. Fasasshen dutse mai kaifi-kaifi wanda ke haɗe da garinsa za ka nema, shi ne in an daɓe yake cije juna. Mulmulalliya irin ta bakin rafi mirginawa take, ko shekara ka yi kana dukanta ba za ta zauna ba. Kuma kar ka juye ta gaba ɗaya, zuba santimita 5, yayyafa ruwa, daɓe, sannan ka ƙara. Rashin inji ba matsala ba ne, guntun gungume mai nauyi ka buga masa mariƙi ya ishe ku, sai dai kafaɗa za ta gaya muku. In ka taka ba ka ga sawunka ba toh ya daɓu. Nan ne kowa ke ha'inci saboda ba a gani, kuma nan ne aikin yake.

Yashin mai tsakin nan na kankare, ba mai laushi na filasta ba. Ka baje shi da katako miƙaƙƙe, ka ɗora dutse ka bubbuga da gudumar roba, ka hau ka taka kowace kusurwa, in ya motsa ɗaga shi ka ƙara ko ka rage yashi. Kar ka manta gangare, santimita 2 a kowace mita, ya kalli nesa da bangon ɗaki. In ka juya shi baibai ruwan zai nufi fandisho.

Maman_Biyu:
Baba ya gama magana gsky. Ni dai abin da zan ƙara Yaya, tunda ka ambaci Mama, ka duba fuskar duwatsun. Mu masu sulɓi muka sa don sun fi kyau a ido, wajen kuma inuwa ce, damina ɗaya gansakuka ta kama su suka koma kamar an shafa sabulu, ni da kaina na sha ƙasa da bokiti a hannu. Ɓangaren da ya fi kaushi shi za ka juyo sama. Sannan faɗin kar ya gaza santimita 90, in dai ana so mutum ya riƙo tsohuwa su jera toh sai 120. Kuma wannan yayin na ajiye dutse ɗaya nan ɗaya can ana tsallakawa, eh yana da kyau a hoto, ana barin kamar santimita 60 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, amma takun saurayi ne wannan, tsoho da yaro wahala suke sha. A haɗe su kawai.

Mai_Awo:
Ban ƙi ta Baba ba amma a yi wa siminti adalci. Wanda kuke gani ya farfashe yawanci an shafa shi ne siriri a kan ƙasa tsurarta. In ka yi gadon tsakuwar nan, ka zuba kankare santimita 10, ka ɗora dutse da kwaɓin siminti 1 yashi 4, ka yi ta ba shi ruwa kwana 7, zai daɗe. Kuma akwai abin da ba a faɗa ba, shara. Wajen da ake sharewa kullum tsintsiya sai ta yashe yashin da ke tsakanin duwatsun tas, ga tururuwa ga ciyawa. Illar siminti dai kuɗi, kuma ran da ya tsage ko saiwar bishiya ta ɗaga shi sai an fasa, na yashi kuwa dutse ɗaya za ka cire ka gyara ka mayar.

Sabon_Maigida:
Kai ngd sosai Allah Ya saka. Na yashin zan yi, aljihu ba zai ɗauki kankare ba. Baba tsakuwa nawa zan nema in faɗin mita 1 ne? Kuma maganar sharar nan ta tsaya min a rai.

Tsohon_Birkila:
Tsawo mita 8 sau faɗi mita 1 sau kauri mita 0.15, lita 1,200 kenan, bokiti mai lita 20 sau 60. Ka ƙara kamar bokiti goma a kai don tana raguwa in an daɓe. Yashi bokiti 12, da ɗan ƙari na cike tsakani. Maganar Mai_Awo gaskiya ce, maganinta ka matse duwatsun kar tsakaninsu ya wuce yatsa biyu, ka cike da garin dutse maimakon yashi ka jiƙa shi, ya fi kamawa, duk shekara ka ɗan ƙara. Simintin ka kai shi gefe, ka jera bulo ko dogayen duwatsu a tsaye hagu da dama ka kama su da kwaɓi, in ba haka ba duwatsun bakin hanya za su yi ta zamewa waje. Ƙasar da kuka haƙo kuma kar ku tara ta a gefen da ruwa zai bi.