Daga ina kamfani zai fara tsarin tsaro na ba sani ba sabo?

SabonShiga: Assalamu alaikum. Kamfani ne mai ma'aikata kusan 80, rabinsu na aiki daga gida ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis ta intanet. Ana son komawa tsarin Zero Trust, a daina yarda da na'ura don kawai tana cikin netwok ɗin ofis. Me za a fara saya?

MaiSabar: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye batun saye tukuna, fara da asusu. Haɗa ma'aikata a rajista ɗaya, ka rufe na waɗanda suka bar aiki. A kutsen da aka yi wa kamfanin bututun mai na Amurka, Colonial Pipeline, a 2021, ta wani tsohon asusun VPN aka shiga, da kalmar sirri kaɗai. Sa wa kowa tantancewa mai mataki biyu, wato kalmar sirri da wata shaida ta biyu, amma ba ta saƙon tes ba, don ana sace layin waya. Masu ikon gudanarwa a ba su makullin FIDO2 (ƙaramar na'urar tantancewa ta hannu) biyu-biyu, ko da ɗaya zai ɓata. Ka kuma kashe tsoffin hanyoyin imel, POP da IMAP, in suna karɓar kalmar sirri zalla. Ta nan ake kewaye matakin na biyu.

Injiniya445: Haka ne. Aibin VPN kuwa, wanda ya shiga yakan ga komai. A 2013 da bayanan wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki aka kutsa Target, kamfanin kantuna na Amurka, aka lallaɓa har injinan biyan kuɗi, bayanan katuna kusan miliyan 40 suka tafi. Don haka a rarraba netwok: sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) daban, firinta da kyamara daban, baƙi daban. Tsakanin kwamfutocin ma'aikata a toshe ƙofar sadarwa ta 445 (ta musayar fayil) da 3389 (ta sarrafa kwamfuta daga nesa), ba su da dalilin kiran juna. Sai dai kada a toshe tashin farko. A bar dokokin toshewar suna rubuta abin da ke wucewa tsawon wata guda cur, in ba haka ba manhajar albashi da ke motsi sau ɗaya a ƙarshen wata ita za ta fara tsayawa.

MalamaTsaro: 'Yan'uwa, kun bar na'urar kanta. Mutumin gaskiya da kwamfuta mai ɗauke da cuta, ai an shiga ke nan. Kafin a buɗe manhaja a duba: rumbun ajiyar bayananta a kulle yake? An sabunta ta? Kuma a ware asusun gaggawa biyu da dokokin shiga ba su shafa ba, a sa ƙararrawa a kansu, don doka ɗaya ta kuskure na iya kulle kowa waje har da mai gudanarwa. Takardar SP 800-207 ta 2020 kan Zero Trust, ta hukumar ƙa'idoji ta Amurka wato NIST, kyauta ce, a karanta kafin a zauna da dillalai.